Tsinken Ƙarfe a Gadar Kusuri

Shekara goma sha tara ina tsaye a bakin gadar nan,
Kusuri a bayana, Njamena a gabana,
kogin Logon yana wucewa ta ƙasa, ba ya nuna wa kowa takarda.
Makamina tsinken ƙarfe ne, kamu biyu tsawonsa:
in soka buhu, in zaro, in sansana.
Gero yana da amsarsa, barkono yana da tasa,
busasshen kifi ba ya iya ɓoye sunansa.
Ƙwaya ce kaɗai marar wari,
ƙaras ɗin leda take yi, kamar ɓera a rumbu.

Na same ta a cikin tayar ajiya,
na same ta a gindin jarkar manja,
na same ta ɗaure a ƙaurin wata tsohuwa
da ke kirana ɗana, tana sa mini albarka.

Ran Talata, la'asar sakaliya,
motar albasa ta tsaya a shingena.
Direban yaro ne, Barka sunansa,
gemunsa bai gama shawarar fitowa ba.
Ya miƙo takardu, jikka goma a ninke tsakaninsu,
ya ce, Baba, a sha shayi.
Na ce nawa shayin na sha tun asuba.
Buhu na farko albasa, na biyu albasa,
na bakwai ya yi ƙaras.

Kwali arba'in na tiramadol muka jera a kan kwalta.
Jandarma ya fito da ankwa,
yaron ya miƙa hannu tun ba a tambaya ba.

Abokan aikina sun ce zuciyata dutse ce.
Ba su je Maltam da ni ba
ranar da na ɗauko Jibrilla daga gefen hanya,
babur ɗinsa na haya yana kwance, tayar baya tana juyi.
Da ɗaya ya fara, wai don kada ya gaji,
sai huɗu, sai takwas a cikin kofi,
har jijjiga ta kama shi a tsakiyar gudu.
Auta na ne. A aljihunsa na tsinci ledar,
na ji ƙaras ɗinta a tafin hannuna.

A kotu alƙali ya karanta da Faransanci,
tafinta ya juya mana: shekara biyar, da tara.
Uwar Barka ta zauna daɓas a ƙasa,
takalminta ɗaya ya tsaya can shi kaɗai.
Aka tambayi mai kayan.
Mai kayan lambar waya ce, kuma a kashe take.
Wataƙila yana sahun gaba ran Juma'a,
wataƙila na taɓa ba shi hannu.
Mun kama jelar, maciji ya shige rami.

Ban ce a sake shi ba. Doka ta yi aikinta,
kwali arba'in ba su shiga cikin 'ya'yan kowa ba,
an cinna musu wuta a bayan gari, ina kallo.
Amma duk ƙarshen wata nakan biya ta kurkuku
da sabulu da ƙullin sukari.
Ba ya gode mini, ni ma ban nema ba.
Jiya ne ya fara buɗe baki,
ya ba ni rabin suna, da launin wata mota.

Da dare ina jin kwale-kwale a ƙarƙashin gada,
filafili yana taɓa ruwa a hankali.
Tocilata ba ta kai can.
Na rubuta wa manya sau uku, ina jiran jirgin sintiri.
Kafin ya zo, ga wata mota ta kunno kai,
gawayi ta ɗauko, in ji direba.
Na goge tsinken da gefen rigata.